Dakuwar Dabino: Guzurin da Ba Ya Buƙatar Tanda

Jama'a, duk wanda ya ratsa ta Mandawari ko Jakara a Kano da safe, sa'ad da yara ke tafiya makaranta, ya san inda kuɗin tara ke ƙarewa. Biskit ne, alawa ce mai rini, sai lemon kwalba. Yaro ya ci ya sha, ya lashe baki, kafin azahar yana hamma, cikinsa na kuka. Zaƙi ya samu, amma abin da zai riƙe masa ciki bai samu ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa kada sukarin da babban mutum ke ƙarawa a ci da sha ya wuce wajen giram 50 a yini, watau ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Kwalbar lemo guda ta kusa cinye wannan kason. To, ina ga yaro ɗan shekara bakwai?

Maganin abin ba daga waje za a kawo shi ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 ya kuma kafa Kasuwar Kurmi, Kano mahaɗar fatake ce. A da, ayarin Azbinawa kan sauke gishiri da dabino daga Bilma. Falken da zai yi wata a hanya ba ya ɗaukar abin da zai lalace, ko abin da sai an hura wuta kafin a ci. Busasshe yake nema, mara nauyi, mai riƙe ciki. Iyayenmu mata kuwa sun daɗe suna daka aya da gyaɗa su mulmula dakuwa, suna yin kantu da riɗi. Abin da Turawa ke naɗewa yau a takarda mai ƙyalli su sayar wa 'yan wasan guje-guje da tsada, ɗan'uwan dakuwa ne. Gyara ɗaya kawai muke kira a yi: a janye sukari, a bar dabino ya yi aikinsa, ya ba da zaƙi ya kuma haɗa curin.

Kowanne daga cikin kayan yana da nasa aiki. Dabino ke ba da kuzari nan take, gama wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa zaƙi ne, sai dai zaƙin yana tafe da harza mai taimakon hanji. Gyaɗa ita ce mai gina jiki: wajen rubu'inta sinadarin gina jiki ne, kusan rabinta mai ne, shi ya sa take daɗewa a ciki. Riɗi na ɗauke da sinadarin ƙarfafa ƙashi da na ƙarin jini. Kada kowa ya raina gyaɗa don ta yi yawa a garin da Alhassan Ɗantata ya yi suna da dalarta. Abincin nan na cikin 'yar leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti, wanda likitoci suka ceci dubban yara da shi a Maraɗi lokacin yunwar 2005, tushensa niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da garin madara. Amma a lura, dakuwa ba ta maye gurbinsa. Yaron da ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, asibiti za a kai shi.

Uwargida, ga yadda za ki yi. Auno dabino gwangwani biyu, gyaɗa gwangwani ɗaya, aya rabi, riɗi rabi. Dukansu akwai su a Kasuwar Rimi da Kurmi. Mai son sari ya nufi Dawanau. Riɗi da aya sai an wanke an rege, don tsakuwa ɗaya ta isa ta fasa haƙori. A shanya su bushe sarai, sa'an nan a soya kowanne dabam a busasshen kasko, ba mai, wuta kaɗan-kaɗan, har ƙanshi ya tashi. Wutar da za a hura ke nan daga farko har ƙarshe. Ki murje gyaɗar ki bakace. Dabino kuwa ki tsaga shi ɗaya bayan ɗaya, ki cire ƙwallon, ki duba ciki, gama tsutsa na son ɓuya a nan. In busasshe ne irin na Agadas, yayyafa masa ruwan ɗumi kaɗan ki rufe ya yi laushi. Kada ki jiƙa shi sharkaf.

Ki fara daka ayar ita kaɗai, don ta fi tauri, ki tankaɗe. Sa'an nan gyaɗa, amma kada ki bari ta zama tunkuza. Zuba dabino kaɗan-kaɗan kina kirɓawa tare da garin citta da ɗan kanumfari, har ya kama jikinsa. In kina da farin garin ɗan kuka, ba na miya ba, ki barbaɗa cokali biyu: tsaminsa na karya zaƙin, kuma yana da bitamin C mai taimakon jiki ya amfana da sinadarin ƙarin jini. Tun 2008 Tarayyar Turai ta yarda a riƙa sayar da garin nan a ƙasashenta, mu kuwa muna wuce shi a tire ba ma ko kallo. Ki wanke hannu da sabulu, ki mulmula ƙanana, ki birkiɗa su cikin riɗi.

Yanzu ga inda muke roƙon a kasa kunne sosai, don haɗarin wannan abinci yana cikin buhu, ba cikin turmi ba. Gyaɗar da aka adana da danshi kan yi fumfuna, fumfunar kuma na haifar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke cin hanta a hankali har ta kai ga ciwon daji, tana kuma tauye girman yara. A Ingila aka fara gano ta, a 1960, bayan talo-talo fiye da 100,000 sun mutu saboda cin abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa daga Barazil. Suya ba ta kawar da wannan guba. Saboda haka a baza gyaɗa a faifai da rana tsaka a tsince. Duk ƙwayar da ta yamushe, ko ta yi baƙi ko kore, ko ƙwaro ya huda ta, ko ta yi ɗaci a baki, a zubar. Kada a ce hasara ce a juye wa kaji ko akuya, balle a kai wa mai ƙuli. In an ga gyaɗa ta faɗi ƙasa da farashin kasuwa, a tambayi dalili. Araha ba ta ado.

Malam mai ciwon sukari, kada ka ce tun da ba a sa sukari ba sai ka buɗe ciki. Zaƙin dabino ma na ɗaga sukarin jini, sai ka nemi shawarar likitanka. Yaron da bai kai shekara biyar ba kada a ba shi mai ɓarzajjen gyaɗa, don gudun shaƙewa. Nasa a daka ya yi lukui. In har an ƙara zuma a ciki, kada a ba jaririn da bai cika shekara ba. Wanda kuma gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburin leɓe, a yi masa da dabino da aya da riɗi kawai.

Curi biyu sun ishi ɗan makaranta da tara, uku sun riƙe ɗan dako ko mai adaidaita sahu zuwa la'asar, haka ma mai azumi in ya haɗa da ruwa da kunu a sahur. A zuba a busasshiyar samira mai murfi, a ajiye a inuwa. Da bazara a yi na kwana uku kacal, musamman in an yayyafa wa dabinon ruwa. Da hunturu ya kan kai mako. Wanda ya fara sauya ƙanshi ko ya yi farin gashi-gashi, a zubar da shi duka, ba gefen da ya ɓaci kaɗai ba.