Kafin a kai yara ƙauye cin tumu

Kaka ta yi a Tajaye. An shiga yankan gero, damma sun fara taruwa a gonaki, kuma kamar kowace shekara gidaje sun cika da jikoki daga Konni, Tawa da Yamai, waɗanda aka kawo su ƙarasa hutun lakwal wurin kakanni kafin komawa aji a watan Oktoba. Ni ba ni da ja da wannan al'ada. Yaron da bai ci tumu da zafinsa ba, bai sha takanɗa ba, bai bi sa'o'insa kamun fara ba, an rage shi da wani abu. Sai dai lokacin da ake kawo su shi ne lokacin da gadajen asibitinmu ke cika har mu shimfiɗa tabarmi a baranda, kuma iyaye da yawa suna yi kamar ba su san haka ba.

Ga misalin wata yarinya 'yar shekara uku da aka kawo mana. Uwarta ta zo da ita da yayyenta biyu daga birni zuwa gidan kakarsu, wani ƙauye da ke nesa da kwalta. Ta sha CPS, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, na Yuli da na Agusta a can gida. Zagaye na uku ya faɗa tsakani: masu rabo sun je ƙofarsu a birni ba kowa, a ƙauye kuma an riga an wuce kafin su iso. Katin CPS ɗinta yana can cikin durowa. An zo da akwati shaƙe da kayan sawa, an zo da tsarabar sabulu da sukari, ba a zo da sange ko ɗaya ba. Na gidan kakar kuwa, wanda aka raba kyauta, an kewaye dashen zogale da shi don kada awaki su ci. Yaran suna kwana a tsakar gida saboda zafi, ga tafki a bayan gari.

Da jikinta ya yi zafi, kakar ta ce haure take fiddawa. 'Yar shekara uku! Ranar kasuwa aka kira mai tallan magani, irin masu ɗora kwali a bayan babur, ya ƙirga musu ƙwayoyi ja da ɗorawa a ƙullin leda, ba suna ba kwanan wata, ya ƙara da allura a ɗuwawu. Zafin ya sauka da yamma, kowa ya ce an dace. Washegari ya dawo da amai. A dare na uku ta fara jijjiga, aka cusa mata cokali a baki har leɓe ya fashe, aka yi hayaƙi, wani ya kawo shawarar a kira wanzami ya cire beli. Sai da gari ya waye aka ɗaura wa jaki amalanke.

Ina buɗe tafin hannunta na san inda muke. Fari fat kamar takarda, cikin ido ma haka, ga numfashi mai zurfi, ba ta ko motsi da na soka mata allura. TDR, gwajin zazzaɓin cizon sauro, bai ɓata lokaci ba, layi biyu. Sukari ya faɗi ƙasa. Muka samu jijiya da ƙyar, muka ba da gulukos, artesunat da diyazefam, na rubuta takardar tura ta asibitin gunduma, domin jini take buƙata, mu kuma ba mu da shi.

A nan ne raina ya ɓaci. Uwar ta ce ba za ta tafi ba sai ta ji daga bakin maigida. Aka kira shi, ya ce a dakata yana hanya. Na karɓi wayar na ce, "Malam, in ka ce a jira ka, gawa za ka tarar." Ya ce ai shekaranjiya an ce masa ta samu sauƙi. Kakar tana gefe tana cewa, "Likita, ka yi mata ƙarin ruwa mana, ruwa ɗaya ya isa." Na ce, "Inna, ruwa ba ya zama jini." Kafin a daidaita, a haɗa kuɗin mai, rana ta take. A can kuma da aka ce dangi su zo a gwada jininsu, mazan da suka rako ta suka zame ɗaya bayan ɗaya, wai suna tsakiyar aikin gona, ba su da jinin bayarwa. Ta rasu kafin a rataya ledar.

Kuɗin da aka ba mai babur ya fi abin da za a kashe a wurinmu. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Na san wani lokaci magani kan yanke a rubuta maka ka saya, ba na musu. Amma gwajin minti 15 ne, kuma Coartem da aka fara a ranar farko kwana 3 ne a gama.

Don haka ku ji. Zazzaɓi a kaka, ga ƙaramin yaro, gwaji a ranar. Ba gobe ba, ba bayan kasuwa ba. In za a yi tafiya, sange ya riga takalmi shiga jaka, katin CPS ya bi yaro. Maigidan da ya tura iyali ƙauye ya ba da izini tun kafin su tashi: in yaro ya kwanta a kai shi likita, a kira ni daga baya.

CPS ɗin ma ana wasa da shi. Wanda mai rabo ya ba da a gabansa shi kaɗai ake sha, amodiyakin na rana ta biyu da ta uku sai a ajiye wai yana sa kasala, ko a raba wa babban wa da ya wuce wata 59. Mun sha ganinsa a saman taga, rana ta cinye shi. Kuma shan CPS bai ɗauke wa kowa kwana cikin sange ba.

Sai ruwa. Duk kududdufin da aka haƙa don tubali ya cika a wannan lokaci, bakinsa santsi, tsakiyarsa ta fi ƙarfin babba. Yaron birni bai san shi ba, yana ganin 'yan gari sun faɗa sai ya bi. Kada a ba 'yar shekara bakwai goyo a ce ta je wanki bakin tafki. Masu kai yara wajen Galmi da fadamun Magiya ganin gonakin albasa, ko magudanan ruwan noman rani na Konni, su sani wankan da ake yi a ciki shi ke kawo tsargiya, kuma ba ta nuna kanta sai bayan makonni ko watanni. Yaro na fitsarin jini a ce wai balaga ce, ɗan shekara takwas. A kawo fitsarin a duba, farazikwantel ne maganinta.

Ƙwayar fostoksin da ake sa wa wake ba a ajiye ta a ɗakin da mutane ke kwana, buhun da aka sa ta ma haka. Kada a ɗora yaro a ƙololuwar damma bisa amalanke. A sa musu takalmi in za su shiga kara, akwai kunama. Mai allurar kasuwa kuwa, ban san sau nawa zan faɗa ba, bai san nauyin ɗanka ba, bai san abin da ke cikin kwalbar ba, kuma ranar da ƙafar ta shanye ba za ka same shi ba.

Waɗanda suka riga suka koma birni kada su ce sun tsira. Cizon da aka yi a daren ƙarshe a ƙauye yana iya ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin zazzaɓi ya fito, daidai lokacin da ake fama da kuɗin littattafai da ɗinkin kayan lakwal. In ya fito kada a ce gajiyar hanya ce ko canjin ruwa, kada a tsaya a farasitamol. A kai shi a yi TDR, a gaya wa wanda ya duba shi inda yaron ya kwana da abin da aka riga aka ba shi, har ƙullin ledar a tafi da shi.