Bayajidda da Daurama: Yadda Masu Karatu Suka Rabu

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, babu yaron da ya tashi a ƙasar Daura, daga Baure zuwa Zango, da bai ji labarin Bayajidda da Daurama ba. Muna jinsa a bakin kakanni, muna karanta shi a littafi. Amma da zarar an rufe littafin sai gardama ta tashi. Darasinmu na yau shi ne mu duba wannan gardama, mu ga abin da za mu koya daga cikinta.

Ga labarin a taƙaice. An ce Bayajidda ɗan sarkin Bagadaza ne. Ya sauka Barno, ya auri 'yar sarki, daga baya ya gudu. Ya bar matarsa a Garun Gabas, inda ta haifi Biram. A Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a, don macijiya ta tsare rijiyar Kusugu. Ya je ya kashe ta, sarauniya Daurama ta aure shi, suka haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka yi sarautar Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. In an haɗa da Biram, Hausa Bakwai ke nan.

To, masu karatu sun kasu kashi uku.

Kashi na farko sun ce tarihi ne tsantsa. Hujjarsu ita ce rijiyar Kusugu tana nan cikin birnin Daura, kowa na iya zuwa ya gani. Mu a Baure muna da wani dalili na riƙe labarin. Bayan jihadin Shehu Usmanu, zuriyar tsofaffin sarakunan Daura ta fita daga birni, wasu suka kafa mulki a Zango, wasu a Baure, sai a 1906 Turawa suka mayar da sarautar Daura gidan. Saboda haka ga dattawanmu wannan labari asali ne, ba hira ba.

Kashi na biyu sun ce a yi hattara. Ganin rijiya ba ya nuna wanda ya kashe macijiya. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya yi rubutu yana nuna cewa ƙasashen Hausa sun ginu ne a hankali, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni, ta hanyar noma da ƙira da fatauci, ba da zuwan baƙo ɗaya ba. Labarin ma da kansa ya yarda cewa Bayajidda ya tarar da gari da sarauniya da maƙera. Wasu masana kuma sun danganta sunansa da Abu Yazid, wanda ya yi tawaye a Arewacin Afirka ya rasu a 947, amma wannan hasashe ne.

Kashi na uku ba ruwansu da shekaru, mutanen cikin labarin suke yi wa shari'a. Su ne ke tambaya: ina hakkin matar da aka bari a hanya da ciki? Daurama so ta yi, ko lada ta biya? Me ya sa mulkin mata ya ƙare da wannan aure, alhali magajiyoyi ne suka riƙe Daura kafin nan? 'Yan mata sun fi yin wannan tambaya, kuma tambaya ce mai kyau.

Kada mu zaci mu kaɗai ne muke irin wannan gardama. A 1819 wani marubuci ɗan Sikotilan, Walter Scott, ya fitar da littafin Ivanhoe, labarin yaƙi da soyayya na Ingila a ƙarni na 12. Masu karatu da yawa suka ji haushi don jarumin ya auri Rowena, ya bar Rebecca wadda ta yi jinyarsa. Har wani marubuci, Thackeray, ya rubuta ci gaban labarin don ya haɗa shi da Rebecca. Masana tarihi kuwa suka yi ta fito da kurakuran littafin. Watau kashin nan uku suna ko'ina.

Wane ne ke da gaskiya? Kowa ya riƙe wani yanki nata. Abin da ya kamata ɗalibi ya yi shi ne ya raba abu uku duk lokacin da ya karanta labarin da:

1. Abin da ke da shaida, kamar rijiya, ganuwa, ko jerin sunayen sarakuna.

2. Abin da aka ƙara don daɗin ji, kamar baƙo ya iso da dare ya gama aiki kafin gari ya waye.

3. Abin da labarin ke son koyarwa. A nan shi ne cewa Hausa Bakwai 'yan'uwa ne, kuma Daura ce uwa.

Ɗalibin da ya cakuɗa waɗannan a jarrabawar tarihi zai faɗi. Wanda kuma ya koma gida ya ce wa kakarsa ƙarya take yi, ya yi rashin kunya, kuma ya toshe wa kansa rijiyar ilimi, don gobe ba za ta sake ba shi labari ba.

Saboda haka ga aikin hutu. Kowa ya sami tsoho ɗaya a unguwarsu, ya roƙe shi labarin, ya rubuta yadda ya faɗa ba ƙari ba ragi. In mun dawo sai mu gwada da na littafi, mu ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Iyaye kuma muna roƙonku ku ba yara lokaci. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.