Fitilar Ƙasa

Kanvili unguwa ce a birnin Tamale, a arewacin Gana. Wata yarinya tana zaune can tare da kakarta. Wani dare aka ɗauke wutar lantarki, ga shi kuwa da safe za ta yi jarrabawa. Ta zauna cikin duhu tana kuka.

Kakar ta ce: "Yi shiru, jikata. Miƙo mini ɗan kaskon can."

Ta zuba man kaɗanya a cikin kaskon. Ta murza auduga ta yi lagwani, ta tsoma shi cikin man, ta bar kansa a bakin kaskon. Ta ƙyasta ashana. Nan take ɗaki ya yi haske.

Yarinyar ta ce: "Kaka, me ya sa audugar ba ta cinye da sauri?"

Kakar ta ce: "Ai man ne yake ci. Zafi yana narkar da shi, lagwani yana tsotso shi zuwa sama. In mai ya ƙare, sai lagwani ya ƙone."

Irin wannan fitila daɗaɗɗiya ce a duniya. Mutanen Girka sun yi amfani da ita fiye da shekara 2,500 da suka wuce. Su man zaitun suke zubawa. Da farko fitilarsu buɗaɗɗiya ce kamar kasko, mai yana zuba. Daga baya maginan tukwane na birnin Atina suka rufe samanta, suka bar ƙaramin rami na zuba mai, suka yi mata hanci na lagwani. Sukan shafe ta da baƙin ruwan yumɓu kafin gashi, don kada man ya yoyo. Girkawa suna kiran yumɓun tukwane "keramos". Daga nan Faransanci ya samo kalmar "céramique".

Yarinyar ta gama bitarta. Kafin su kwanta, kakar ta hura fitilar ta mutu. Ta ce: "Ba a barci a bar fitila kusa da tabarma ko zane. Haka gobara take tashi."

Tambayoyi
1. Wane mai kakar ta zuba a kasko?
2. Mene ne aikin lagwani?
3. Don me maginan Atina suka rufe saman fitilarsu?
4. Me ya sa ake kashe fitila kafin barci?

Aiki
Ku gina ƙaramar fitila da yumɓu, ku shanya ta a inuwa. Kada ku kunna ta sai a gaban malam.