Yadda Ake Aika Buƙata Zuwa Sabar Ba Tare da Jiran Amsa Ba

Akwai saƙonnin da shafin intanet ke aika wa sabar waɗanda babu mai buƙatar amsarsu: ƙidayar masu ziyara, daɗewar mai karatu a kan labari, rahoton kuskuren da ya auku a burauza. Tsayar da mutum yana kallon allo saboda irin waɗannan rashin adalci ne, balle mai waya a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Abin da ya dace shi ne ka danƙa saƙon ga wanda zai isar da shi bayan ka wuce, kamar mai ba direba saƙo a tasha. Katse layi da fatan saƙo ya isa ba dabara ba ce.

Fara da tantancewa. Idan saƙon ya ɓace, me za a rasa? In biyan kuɗi ne ko rajista, to jira amsa, babu makawa. In ƙidaya ce, ci gaba zuwa mataki na biyu: kira navigator.sendBeacon, ka ba shi adireshin sabar da bayanan. Burauza za ta tura su ta hanyar POST ko da an rufe shafin. A kula sosai, idan ya dawo da true, ma'anarsa burauza ta karɓa ta sa a layi, ba wai sabar ta samu ba. Nauyin bayanan kada ya wuce kilobait 64, kuma ba za ka iya ƙara naka bayanan kan saƙo ba, irin su shaidar izini. Idan kana buƙatarsu, yi amfani da fetch tare da keepalive: true, kada ka sa await a gabansa, ka haɗa masa catch don ya tare kuskure.

Wani zai ce ai fetch dama ba ya tsayar da shafi, to mene ne amfanin keepalive? Gaskiya ne ba ya tsayarwa, amma da zarar an rufe shafin burauza na iya soke buƙatar da ba ta kammala ba, kuma yawancin waɗannan saƙonni a daidai wannan lokacin ake tura su. Wannan ya kai mu mataki na uku, wato zaɓen lokaci. Saurari visibilitychange, ka tura saƙon lokacin da document.visibilityState ya zama hidden. Kada ka dogara da unload: mai waya yakan tsallaka WhatsApp, daga baya Android ta kashe burauzar a ɓoye, unload bai taɓa aukuwa ba. Tsohuwar dabarar riƙe shafi da XMLHttpRequest mai jira kuwa, Chrome 80 ya hana ta a lokacin rufe shafi tun 2020.

Mataki na huɗu yana wajen sabar. Ta karɓa, ta jefa aikin a layin jira irin Redis ko RabbitMQ, ta mayar da lambar 202 nan take, ko 204 in babu sauran aiki. Mai PHP-FPM yana da fastcgi_finish_request, wanda ke sallamar mai buƙata kafin a ci gaba da aikin. Idan sabar ce ke kiran wata sabar, da yawa sukan rage wa'adin cURL zuwa 'yan milisakan su ce shi ke nan. Ban yarda da wannan ba, domin agogon yana ƙirga neman adireshi a DNS da musayar TLS, sai wa'adi ya cika tun bayanan ba su bar gida ba. Sa kiran a layin jira, wani ma'aikacin baya ya yi shi, ya maimaita in ya gaza.

Maimaitawa na iya sa saƙo ɗaya ya iso sau biyu, don haka ba kowane saƙo lamba tasa ta daban, sabar ta watsar da wanda ta riga ta gani. Sannan gwada da waya ta gaske: buɗe shafin, tsallaka wata manhaja, ka duba rajistar sabar ko lambar ta shigo.