Kada ƙwaryar Inna ta kife

'Ya'yana da jikokina, baƙi sun watse, an naɗe tabarmi, sadakar arba'in ta wuce. Ku matso kusa, kawunku zai ɗan yi magana kafin masu komawa Maraɗi da Kano su kama hanya. Ku Inna kuka sani, ni kuwa Yaya na sani. Ita ta goye ni, saboda haka na ga abin da ba ku gani ba.

Daga ƙauyenmu na bakin Gulbin Kaba, a ƙasar Mayahi, aka kawo ta aure nan ƙasar Tasawa. Ba ta zo da dukiya ba, sai hannun saƙa. Inda goruba ta yi yawa, yarinya da kaba take tashi, kuma tabarmar Yaya ko a tsakiyar kasuwa ana gane ta. Da kuɗin tabarma ta sayi akuyarta ta fari.

Manyanku za su tuna 1984, shekarar yunwar da muke kira El Buhari. Damina ta ƙi, iyakar Najeriya tana rufe, rumbuna suka zama fanko. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya tafi bida. Yaya takan fita da asuba ta ɗebo anza, ta jiƙa ta kwana da kwanaki tana sake ruwa har ɗacin ya fita. Awakinta ɗaya bayan ɗaya suka tafi kasuwa. In ta raba muku abinci kuka ce, "Inna, ke fa?" sai ta ce ta ci a bakin murhu. Na kwana uku a gidan nan lokacin, ban ga ta kai loma baki ba sai ƙanzo. Duk da haka akwai wata 'yar ƙwarya da take ajiyewa gefe, ta baƙo ko almajiri. Da yunwa ta sake dawowa a 2005, ƙwaryar nan ba ta kife ba.

Lokacin da asusun Mata Masu Dubara, wanda aka faro a jihar Maraɗi a 1991, ya iso garin nan, ita aka danƙa wa ɗaya daga makullan akwati. Ba ta san baƙi ba, ba ta shiga lakwal ba, amma ko dala ba ta taɓa salwanta a hannunta ba.

Kai babba, na san abin da ke cin ranka. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta yi maka wasa a gaban mutane ba. Kunyar ɗan fari ce, ba ƙi ba. Duk shekarar da ka tafi cin rani, ni take aikowa a asirce in tambayo mata labarinka. Ku kuma jikoki, masu kishiya da masu maigida, wasan da ta hana kanta da uwayenku shi ta juye muku.

To, ga nasihata. Kada ku ci bashi don a ce an yi wa Inna gagarumar sadaka. Shinkafar da aka ci yau, gobe an manta. Malamai sun karantar da mu cewa addu'ar ɗa nagari tana isa ga mamaci, haka ma sadakar da amfaninta ba ya yankewa. Ku riƙe waɗannan. Ƙawayenta na biki suna nan da rai, wasu ido ya tafi, wasu ƙafa ta ƙi. Ku leƙa su da goro ko tiyar hatsi, domin zumunci a ƙafa yake, kiran waya ba ya share wa tsohuwa ɗaki. In an zo rabon gado, ku ba mata haƙƙinsu yadda shari'a ta yanka, kada gamanar da ta ciyar da ku ta zama abin da zai raba ku. Wanda ya rasa haƙuri, ya tuna anza: da sauyin ruwa ɗaci ke fita.

A gamanar nan akwai gawo uku da Yaya ta hana a sare tun suna tsiro. Kun san halin gawo. Da damina yakan zubar da ganye gero ya samu rana, da rani kuma, sa'ad da kowane icce ya tsiraita, shi ke ba da inuwa. Kada gatari ya taɓa su.

Ƙwaryar baƙo tana rataye a ɗakinta. Ke ƙarama, tunda ke ce a gida, sauko da ita tun daren yau. Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka makwancinta, ya sa mu cika da imani.