Darasi Na 18: Murya Jari Ce

Jama'a, yau za mu karanta labarin wata sana'a wadda ba a yin ta da fartanya ko guduma. Da murya kaɗai ake yin ta.

Masu ci da murya

A 1962 aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna, mutanen karkara suka saba da jin wasan kwaikwayo a akwatin rediyo. Dattawanmu ba su manta da Samanja Mazan Fama ba, watau Alhaji Usman Baba Pategi, tsohon soja, wanda ya rasu a 2023. Ko ba ka ga fuskarsa ba, da ya buɗe baki da Hausarsa ta bariki ka san shi ne. A Kano kuma akwai samari, irin na Algaita, masu ɗora muryar Hausa a kan fim ɗin Indiya. Mutum ɗaya ya yi muryar sarki, ya juya ya yi ta ɓarawo, ya koma ta tsoho.

Irin waɗannan mutane, ran da muryarsu ta dishe, ran nan ba aiki, ba cefane.

Kada mu ce wannan zancen mutanen birni ne. Mu tafi Kwanar Ɗangora ran kasuwa, mu kasa kunne. Ga ɗan kamasho yana kiran masu zuwa Tudun Wada da Doguwa. Ga dillalin masara, ga mai tallan fura. A cikin gari ga ladan, ga mai shela, ga malamin allo, ga sanƙira. Duk da murya suke ci. Abin da zai tsare ɗan wasan rediyo, shi zai tsare su.

Daga ina murya take fitowa?

Kowa ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa, ya ce "aaa". Mun ji yana kaɗawa? A ciki akwai waɗansu 'yan tsokoki biyu masu laushi, kamar leɓɓa. Su ne leɓɓan murya. Tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba. In iska ta taso daga huhu sai ta kaɗa su, kamar yadda mai algaita yake hura ɗan karan bakinta. Na namiji suna haɗuwa su rabu kamar sau 100 cikin daƙiƙa ɗaya, na mace kamar sau 200.

Mun san hannun manomi yakan yi kanta saboda riƙon fartanya. Haka leɓɓan murya suke yin kanta in ana yawan ihu. Kantar hannu ba ta hana noma, amma kantar maƙogwaro tana hana murya fita sosai.

Abokan gaban murya

Na fari, ihu da doguwar magana ba hutawa.

Na biyu, ƙishirwa. Leɓɓan murya suna son danshi, kamar yadda keke yake son mai.

Na uku, ƙura da hayaƙi: hazon hunturu, da ƙaiƙayin sussuka, da hayaƙin ɗanyen itace. Mafi muni duka ita ce taba, ko sigari ko shisha. Taba tana kawo sankarar maƙogwaro.

Na huɗu, ƙwannafi. In mutum ya cika ciki da tuwo da yaji da maiƙo ya kwanta nan take, ruwan tsami na ciki yakan taso ya ƙona maƙogwaro. Gari ya waye murya ta shaƙe.

Abin da za mu yi

1. Mu riƙa shan ruwa mai tsabta kaɗan kaɗan, tun safe. Ruwan ba ya bi ta kan leɓɓan murya, sai ya ratsa jiki tukuna. Saboda haka wanda zai yi aiki da hantsi ya fara sha tun asuba. Da azumi mu sha isasshe tsakanin buɗa-baki da sahur.

2. Kafin aiki mu tashi murya a hankali. Mu rufe baki mu yi "mmm" ƙasa ƙasa na ɗan lokaci. Ba a hawa doki a fara da sukuwa.

3. Mu ja numfashi har ciki ya taso, sa'an nan mu yi magana. Ƙarfin murya daga iska yake, ba daga matse wuya ba.

4. Ɗan wasa ya ajiye muryar ihu da ta kuka da ta dodo sai ƙarshen aiki. In akwai lasifika, a bar ta ta yi ihun.

5. Mu huta. Bayan doguwar magana a yi shiru na ɗan lokaci. Dare ya yi a sami barci isasshe.

6. Mu bar yawan kakari da gyaran murya, gama suna gwara leɓɓan da juna. A kurɓi ruwa a haɗiye ya fi.

7. Da hunturu, ko wajen sussuka, mu rufe hanci da baki da amawali ko gyale.

8. Mu ci abincin dare da wuri, a sami awa 2 ko 3 kafin kwanciya.

In murya ta dishe fa?

Babban maganinta shiru. Kada a yi raɗa, domin raɗa ma tana gajiyar da maƙogwaro. Suracen ruwan zafi zalla yana taimako, amma a yi hankali da ƙuna, a kuma nisanta yara. Zuma tana sanyaya wuya, amma ba ta warkar da kanta.

Akwai wani kuskure da muke so mu bari. Waɗansu in murya ta dishe sai su tafi a cire musu beli. Murya ba daga beli take fitowa ba, tana can ƙasa da shi. Cire shi ba ya gyara ta, sai dai a jawo zubar jini da shigar cuta.

Dishewar mura takan wuce cikin mako ɗaya ko biyu. In ta kai mako 3 ba ta tafi ba, ko ana tofar da jini, ko haɗiya tana wuya, ko wani ƙulli ya fito a wuya, to, sai asibiti, ba jira. In ya wuce ƙarfin asibitin kusa, akwai likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Tari kuwa in ya kai mako 2, a je a auna majina saboda tarin fuka. Maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati. Sankarar maƙogwaro in an gane ta da wuri sau da yawa ana warkewa. In an makara, akan rasa murya, ko rai ma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Manomi in fartanyarsa ta karye ya tafi maƙera. Murya kuwa ba a ƙera ta. Guda ɗaya Allah ya ba kowa, sai mu riƙe ta amana.

Tambayoyi

1. Faɗi mutum uku a garinku masu ci da murya.
2. Me yake sa leɓɓan murya su yi kanta?
3. Don me cire beli ba ya maganin dishewar murya?
4. Mako nawa murya za ta yi a dishe mu tafi asibiti?

Aikin rubutu

Kowa ya rubuta wannan sau uku: Rigakafi ya fi magani.