Makokin Rizfa Ba Na ’Ya’yanta Kaɗai Ba Ne

Karatu: 2 Sama’ila 21:1-14

Mutum bakwai daga zuriyar Saul ne Sarki Dawuda ya miƙa wa Gibeyonawa, aka kashe su saboda laifin Saul. Biyu ne kawai ’ya’yan Rizfa. Amma da ta shimfiɗa tsummokin makoki a kan dutse, tun farkon girbin sha’ir har saukar ruwan sama, gawawwakin bakwai ɗin duka ta tsare daga tsuntsaye da namomin jeji. Nassi bai rubuta ko kalma ɗaya daga bakinta ba. Labarin zaman nan nata ne ya kai kunnen sarki, ya sa aka binne matattun.

Rizfa ta yi magada a ƙasar Ajantina. A Afrilun 1977, uwaye 14 suka taru a dandalin Plaza de Mayo suna neman ’ya’yansu da gwamnatin soja ta ɓatar. A Disamba aka sace jagorarsu, Azucena Villaflor, aka kashe ta. Sauran suka ci gaba da fitowa ranakun Alhamis da fararen kallabi, kowace tana kukan ɗan ’yar’uwarta kamar nata. A 1985 aka gurfanar da shugabannin sojan a kotu.

Ku tattauna a gida: wane maƙwabci muka bari yana makoki shi kaɗai?